ABOKIN WASAN DA BA KA GANI: WANE HAKKI YAKE DA SHI A KANKA?

Iyaye da yawa suna kuka a kan abu guda. Yaro yana zaune a tsakar gida tare da kowa, amma idonsa da hankalinsa suna kan ƙaramar na'urar da ke hannunsa. In an tambaye shi abin da yake yi, sai ya ce yana wasa da abokansa. In an ce ina abokan, sai ya nuna gilashin na'urar. Uba yana ganin ɗansa shi kaɗai yake, ɗan kuwa yana ganin kansa a tsakiyar taro. Kafin mu yanke hukunci a kan wanda ke da gaskiya tsakaninsu, ya kamata mu tsaya a kan tambayar da ke ƙarƙashin gardamar. Mutumin da ake wasa da shi daga nesa, wanda ba a ganin fuskarsa, ba a kuma san ainihin sunansa ba, shin aboki ne na gaskiya? Ko aboki ne ko ba aboki ba, wane hakki yake da shi a kan wanda ke wasa da shi? Tambayar tana kama da ta yara, amma duk wanda ya taɓa yin ciniki, ko gardama, ko alkawari da mutumin da bai taɓa gani ba, ta shafe shi.

Zamanin igiya

Tarihin waɗannan na'urori gajere ne, yana kuwa da amfani mu bi shi daki-daki, gama kowane mataki nasa ya canza wani abu cikin zaman mutum da mutum. A shekarar 1989 kamfanin Nintendo na birnin Kyoto a ƙasar Japan, wanda ya fara da buga katin karta tun 1889, ya fitar da na'urar wasa ta hannu mai suna Game Boy. A gefenta akwai 'yar kafa inda ake soka igiya domin a haɗa na'ura biyu. Igiyar gajera ce, saboda haka dole masu wasan su zauna dab da juna, gwiwa tana taɓa gwiwa. A cikin wasan Tetris, wanda Alexey Pajitnov ɗan ƙasar Rasha ya ƙago, in ɗaya ya share layuka da dama a lokaci guda, sai tarkace su taso a filin abokin karawarsa. Wanda ya aika tarkacen yana jin tsakin da wancan ya yi, yana kuma ganin yadda ya haɗe gira.

Wani mutum mai suna Satoshi Tajiri, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana kamun ƙwari a bayan birnin Tokyo, ya dubi igiyar nan ya ga hanyar musaya a inda waɗansu suke ganin hanyar karawa kawai. Daga tunaninsa aka sami wasan Pokémon, wanda ya fito a Japan a shekarar 1996. An yi shi kaset iri biyu, ja da kore. Halittun da ake tarawa a ciki 151 ne, amma ba kaset ɗin da ke ɗauke da su duka. Waɗansu suna cikin ja kaɗai, waɗansu cikin kore kaɗai. Huɗu daga cikinsu ma ba sa rikiɗa su kai cikakkiyar siffarsu sai an miƙa su ga wani ta igiyar. Wato an gina wasan a kan cewa ba mai kammala shi shi kaɗai. Yaron da ya miƙa halittar da ya daɗe yana reno, domin ta rikiɗa a hannun abokinsa, dole ya amince cewa za a mayar masa da ita. Abin da ke tsaron amanar nan a fili yake: gobe da safe su biyun za su haɗu a aji.

Wannan bai yi nisa da darar da muka sani ba. Mutum biyu suna fuskantar juna, ramuka suna tsakaninsu, 'yan kallo sun kewaye su. Wanda ya yi maguɗi an gan shi. Wanda ya watsa 'ya'yan dara da ƙafa domin ya ga an kusa cinye shi, za a daɗe ana ba da labarinsa a unguwa. Igiyar Game Boy ta ɗaure abu biyu a jikin wasa, kamar yadda inuwar bishiya ta ɗaure su a jikin dara: fuskar ɗan'uwa, da kuma gobe.

Sa'ad da igiya ta tafi

A shekarar 2004 aka fara sayar da wani ɗan abu da ake maƙala wa Game Boy Advance domin na'urori su yi magana da juna ta iska. Kafin shekarar ta ƙare, na'urori biyu suka fito da wannan baiwa a cikin jikinsu, wato Nintendo DS da PSP ta kamfanin Sony. Da farko tafiyar igiya ba ta raba mutane ba, sai ma ta ƙara tara su, domin isar saƙon ba ta wuce 'yan mitoci. A wasan tseren motoci na Mario Kart DS, yara takwas suna iya yin tsere tare ko da ɗaya ne kawai a cikinsu yake da kaset, sauran su ara daga gare shi ta iska. A Japan wasan farauta na Monster Hunter a kan PSP ya riƙa tara mutum huɗu huɗu a gidajen abinci da harabar makarantu, gama ba a iya kayar da manyan dodannin cikin sauƙi sai an haɗa hannu. Fitowarsa ta shekarar 2010 ta sayar da fiye da kwafi miliyan 4. Na'urar 3DS ta 2011 ta zo da wani tsari mai suna StreetPass, inda na'urori biyu da ke cikin jaka suke musayar gaisuwa da kansu in masu su suka gitta juna a kan hanya.

Babban canji ya zo cikin watan Nuwamba na 2005, sa'ad da aka buɗe Nintendo Wi-Fi Connection, aka haɗa na'urar hannu da intanet kyauta. Daga ran nan yaro a Osaka yana iya yin tsere da wani a Landan da wani a Amurka, mutum huɗu a fili ɗaya, ba wanda ya san wani. Abin al'ajabi ne ƙwarai, bai kuwa kamata mu raina shi ba. Amma abu biyun nan da igiya ta ɗaure sun kwance. Fuska ta tafi, gama abin da ake gani laƙabi ne da ɗan hoto. Gobe ma ta tafi, gama da wuya a sāke haɗuwa da wannan mutum har abada. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, in ba fuska, wa za a tambaya? In kuma ba gobe, me zai hana mutum cin amana yau?

Zoben makiyayi

Tambayar nan ta girmi wutar lantarki. Fiye da shekara 2,300 da suka wuce, Filato masanin Girka ya sa ta a bakin ɗan'uwansa Gilaukon, cikin littafinsa a kan adalci da tsarin gari. Labarin wani makiyayi ne na ƙasar Lidiya, wanda aka fi sani da Gaijis. Ƙasa ta tsage a inda yake kiwo, ya shiga ramin ya tarar da gawa da zoben zinariya a yatsanta, ya ɗauka. Daga baya ya gane cewa in ya juya kan zoben zuwa tafin hannunsa, ba mai ganinsa. Da wannan ya shiga fada, ya yaudari matar sarki, ya kashe sarkin, ya hau gadon sarauta. Gilaukon ya ce a ba mai adalci zobe irin wannan, a ba mugu ɗaya, za a ga duk hanya ɗaya za su bi. Gama a ganinsa mutane suna yin kirki ne kawai domin tsoron idon jama'a da tsoron hukunci.

Zoben nan yanzu yana hannun yaro ɗan shekara 10, sunansa maɓallin kashe na'ura. Tun farkon wasa ta intanet, ɗaya daga cikin manyan koke-koken masu wasa shi ne na mutanen da ke tsinke haɗin da zarar sun ga za a cinye su. Akwai kuma masu gyara na'urarsu a ɓoye domin motarsu ta fi ta kowa gudu, ko halittarsu ta fi ta kowa ƙarfi. A wasannin da ake iya magana ko rubutu, akwai masu zagin da ba za su iya furtawa a gaban sa'ansu ba, balle a gaban babba.

Wani zai ce, ai wasa ne kawai, me aka ɗauka na wani? Bari mu duba da kyau. Sa'ad da mutum biyu suka shiga wasa, sun ƙulla alkawari ko da ba su furta shi ba. Kowane ya yarda zai bi dokoki ɗaya da ɗan'uwansa, ya kuma yarda cewa mai yiwuwa ne a cinye shi. In ba wannan yarda ta biyu, ba wasa. Gama nasara ba ta da ma'ana sai wanda aka kayar ya tsaya ya karɓi faɗuwarsa. Wanda ya tsinke haɗi yana so ya ci in shi ne a sama, amma ya hana wani ci in shi ne a ƙasa. Ya karɓi rabin alkawarin da ke masa daɗi, ya yar da rabin da ke masa nauyi, alkawari kuwa kaya ne. Motar da ke kan gilashi ta ƙarya ce, gaskiya ne. Amma yatsun da ke tuƙa ɗaya motar na mutum ne mai rai, lokacin da ya bayar ba zai dawo ba, ƙoƙarin da ya yi har ya iya ba na ƙarya ba ne, baƙin cikinsa kuma ba na ƙarya ba ne. Laifin ƙarami ne, kada mu kumbura shi, amma daga zuriyar zalunci yake.

Wasanni da yawa yanzu suna lissafa tsinkewar a matsayin faɗuwa, ko su hana mutum shiga na ɗan lokaci in ya maimaita. Wannan dabara ce mai kyau domin kiyaye wasan, amma ba ta amsa tambayarmu ba. Ta maido da tsoron hukunci ne kawai a inda kunya ta ɓace, wato ta ba Gilaukon gaskiya. Amsar da Filato ya bayar ta fi zurfi: rashin adalci yana ɓata ran mai yinsa ko an gan shi ko ba a gan shi ba, kamar yadda cuta ke cin jiki ko likita ya duba ko bai duba ba. Hali ba ya faɗowa daga sama, ana gina shi da ƙananan ayyukan da ake maimaitawa. Yaron da ya saba gudu sau ɗari duk lokacin da faɗuwa ta tunkaro shi, yana koyon wani abu da zai bi shi zuwa ɗakin jarrabawa, zuwa kasuwa, zuwa gidan aure. Mai bangaskiya kuwa ya san ƙarin abu guda, cewa ba zoben da ke ɓoye mutum daga Mahaliccinsa, lamirinsa ma shaida ne. Saboda haka hakkin farko na abokin wasan da ba a gani shi ne hakkin kowane ɗan Adam: a yi masa gaskiya, a cika masa alkawari, a kiyaye mutuncinsa. Wannan hakki ba ya jiran sai an zama abokai.

Shin abota ce?

Yanzu mu koma ga gardamar uba da ɗa. Aristotil, almajirin Filato, ya raba abota kashi uku. Akwai ta amfani, kamar ta ɗan kasuwa da mai saye. Akwai ta jin daɗi, wadda ya ce ta fi yawa tsakanin matasa, tana ƙullewa da sauri tana kuma kwancewa da sauri. Akwai kuma ta nagarta, inda mutum yake son alherin abokinsa domin abokin kansa. Wannan ba ta da yawa, tana bukatar lokaci mai tsawo da sanin halin juna. In muka auna da wannan ma'auni, yawancin abokan wasa na nesa suna cikin kashi na biyu. Wannan ba zargi ba ne. Abokan langa da na ƙwallon tsumma na ƙuruciyarmu ma yawancinsu a nan suke. Ɗan yana da gaskiya da ya ce yana tare da mutane. Uban kuma yana da gaskiya da ya ji cewa wani abu ya rage.

Dole mu yi wa ɗaya gefen adalci sosai. A watan Maris na 2020, daidai lokacin da annobar korona ta kulle mutane cikin gidajensu, aka fitar da wasan Animal Crossing: New Horizons a kan na'urar Nintendo Switch. Kowane mai wasa yana da tsibirinsa, mutum takwas kuma suna iya taruwa a tsibiri ɗaya ta intanet. Mutanen da aka hana su ziyartar juna suka riƙa yin bukin ranar haihuwa a can, waɗansu da aka ɗage aurensu suka tara abokai a can domin su yi murna. Ba mai hankalin da zai ce wannan kaɗaici ne. Haka kuma yaron da ke kwance a asibiti wata da watanni, ko wanda ƙafafunsa ba sa kai shi filin wasa, ko wanda yayansa ya tafi karatu wata ƙasa: a wurin irin waɗannan, haɗin nan alheri ne, wanda ya hana su shi kuwa ya yi musu rowa.

Duk da haka kakanninmu sun ce zumunci a ƙafa yake. Me ya sa suka ce ƙafa? Domin ƙafa tana gajiya. Wanda ya taka ya zo gaisuwar rashin lafiya ya biya wani abu daga jikinsa da lokacinsa, wannan biyan shi ne shaidar ƙaunarsa. Haɗin iska ya rage kuɗin saduwa har ya kusa zama kyauta, ya kuma rage kuɗin rabuwa haka nan. Abokin da ake samu da danna maɓalli ana iya rabuwa da shi da danna maɓalli, ba bayani, ba ban kwana. Saboda haka ma'aunin da ya dace mu yi amfani da shi shi ne wannan: abotar tana iya ɗaukar nauyi? In abokin ya daina iya wasa da kyau, ana nemansa har yanzu? In ya ɓace mako biyu, akwai mai tambayar lafiyarsa? Inda amsar ta zama i, abotar ta fara ƙetarewa daga jin daɗi zuwa nagarta, ko da teku ce a tsakani; an kuwa sha ganin haka tsakanin manya. Inda amsar ta zama a'a, abokin wasa ne kawai, ya cancanci gaskiya da ladabi, amma kada a jingina rai a kansa.

Ƙofa da mai ƙofa

Ga yara ƙanana akwai wata wahala dabam. Ɓoyuwar da ke jarabtar yaro ya yi rashin gaskiya, ita ce kuma ke ɓoye babban da ke da mugun nufi a kansa. Masu ƙera na'urorin sun san wannan. A zamanin DS, Nintendo ta kafa tsarin lambar abota mai alƙaluma 12. Kowane wasa da tasa lambar, ba a kuma zama abokai sai kowane ɗaya ya shigar da lambar ɗayan. A Mario Kart DS baƙin da aka haɗa ka da su ba sa iya yi maka magana ko kaɗan. Mutane da yawa sun yi gunaguni cewa tsarin yana da wahala, amma nufinsa a fili yake: a san juna a waje tukuna, sa'an nan a haɗu a ciki. Duk da haka shingen bai isa ba. A ranar 31 ga Oktoba 2013 kamfanin ya rufe hanyar aika saƙo ta intanet a cikin Swapnote, wani tsarin musayar zane da hotuna a kan 3DS, domin ya gano cewa waɗansu, har da yara, suna baje lambobinsu a intanet suna musayar abubuwan da ba su dace ba. Sabuwar na'urar Switch 2 ta watan Yuni 2025 tana da hanyar hira da murya, amma yaron da bai kai shekara 16 ba sai da izinin iyayensa. Darasin ɗaya ne: kamfani yana iya kafa ƙofa, amma ba ya iya zama uba.

Akwai kuma abin da masu wasa ba su cika tunawa ba sai ranar da ya faru. Dandalin da suke haɗuwa ba nasu ba ne. Manyan kwamfutocin da ke haɗa 'yan wasa na kamfani ne, suna cin kuɗi, ana kuma iya kashe su. A ranar 20 ga Mayu 2014 aka rufe Nintendo Wi-Fi Connection, bayan shekara takwas da rabi. A watan Afrilu 2024 aka rufe wasa ta intanet a kan 3DS. Tun watan Satumba 2018 kuma, yawancin wasannin Switch ba a yin su ta intanet sai an biya kuɗin rajista. Ba lalle ne a kira wannan zalunci ba, gama ba wanda zai riƙe shago a buɗe har abada, an kuma ba da sanarwa tun da wuri. Amma duk wanda bai san abokinsa ba sai ta laƙabi a cikin wasan, ranar da aka rufe ƙofa ya rasa shi ba tare da hanyar nemansa ba. Game Boy biyu na 1989 kuwa, in an sa musu batir aka soka igiya, har yau suna aiki. StreetPass ma bai mutu ba, domin bai dogara ga kwamfutar kowa ba sai kusantar mutum biyu. Kayan aro ba ya rufe katara. Zumuncin da dukansa yana cikin gidan wani, ranar da mai gida ya tashi, ya tashi da shi.

Ma'auni

Kada wani ya ɗauka daga wannan cewa wasa kansa abin zargi ne. Waliyyi Toma Akwinas, wanda ya rasu a shekarar 1274, ya koyar cewa rai yana gajiya kamar yadda jiki ke gajiya, hutunsa kuwa yana cikin wasa da raha. A wurinsa wanda ya wuce gona da iri cikin wasa ya yi kuskure, wanda kuma ba ya wasa sam, yana zama nauyi ga mutane, shi ma ya yi kuskure. Ya sa sharuɗɗa: kada wasan ya ƙunshi abin kunya ko cutarwa, kada ya kwashe natsuwar hankali gaba ɗaya, ya kuma dace da mutumin da lokacin da wurin. Likitocin zamaninmu sun iso kusa da wannan ta tasu hanya. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sa cutar kamuwa da wasan na'ura cikin kundinta na cututtuka, kundin ya fara aiki a 2022. Alamunta ba yawan sa'o'i kawai ba ne: mutum ya kasa tsayar da kansa, wasa ya sha gaban sauran al'amuran rayuwarsa, ya kuma ci gaba ko da yana ganin ɓarnar, yawanci har tsawon wata 12. Kaɗan ne daga cikin masu wasa suke kai wannan matsayi, saboda haka kada iyaye su kira kowane yaro mai son wasa majiyyaci.

Sharaɗin lokaci da wuri shi ne ya fi shafar na'urar hannu, domin ita tana bin mutum ko'ina: bakin akushi, kan gado, wurin zaman makoki. Wasan da ake yi da mutanen nesa kuma ba ya tsayawa, gama in ka ajiye na'urar ka bar waɗansu cikin tsaka mai wuya. A nan hakki biyu suke karo. Yaron da mahaifiyarsa ta kira shi yana tsakiyar tsere, in ya tashi ya saɓa wa baƙi uku, in ya zauna ya saɓa wa wadda ta haife shi. Ba shakka hakkin uwa ne a gaba. Amma hikimar tana can baya, kafin a fara: kada a ƙulla alkawarin minti 20 da mutanen nesa a lokacin da na kusa suke da iko da kai. Wanda ya koyi wannan ya koyi cika alkawari biyu a lokaci guda.

A gidajenmu yawancin yara ba su riƙe DS ko Switch ba, wayar hannu ce ke yi musu wannan aiki, amma tambayoyin ba su canza ba. Ga abin da nake roƙon iyaye. Ku zauna kusa da yaron wata rana ku ce ya nuna muku wasan, ku tambaye shi su wanene yake wasa da su, wanne ya sani a waje, wanne bai sani ba. Ku koya masa kada ya ba baƙo sunansa, ko hotonsa, ko sunan makarantarsa, ya kuma gaya muku ba tare da tsoron duka ba in wani ya roƙe shi waɗannan. Ku sa lokacin wasa da lokacin ajiye na'ura, ku ma ku kiyaye shi da taku wayar. Ku ƙarfafa wasan da ake yi a ɗaki ɗaya da 'yan'uwa da maƙwabta, inda ake ganin fuskar wanda aka cinye. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ku matasa kuma, in kun ga za a cinye ku, ku tsaya har ƙarshe. Kada ku rubuta wa baƙo abin da ba za ku iya faɗa a gaban mahaifiyarsa ba, gama shi ma yana da uwa. In kun sami abokin kirki a can, ku gode, ku riƙe shi da gaskiya. Amma ku ɗaga kai ku dubi ƙanen da ke zaune kusa da ku yana jiran a ba shi dama, ku miƙa masa na'urar shi ma ya taɓa.

Allah ya ba mu hikimar yin gaskiya a ɓoye da sarari, ya kiyaye 'ya'yanmu, ya sa salama a gidajenmu. Amin.